Mutuwar 'ya'yan tarwada bayan ƙyanƙyasa: Yadda ake bin sawun musabbabinta

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwada, kifin da masana ke kira Clarias gariepinus. Duk da haka, alƙaluman da jami'an gwamnati suka saba ambatawa sun nuna ƙasar na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan da yawa ba. Wannan giɓi ne ke jan matasa zuwa sana'ar, wasu da kuɗin adashe, wasu da bashi, wasu kuma ta shirye-shiryen tallafi na gwamnatoci.

Tarwadar kiwo da ke kasuwa daga ɗakin ƙyanƙyasa take fitowa, kuma a nan ne asara ta fi yawa. Mai sana'a kan kwanta da dubban 'ya'yan kifi suna ninƙaya, gari ya waye ya tarar da su fari fat a ƙasan tanki. Wasu kan ɗora laifin a kan kambun baka, wasu kan ce annoba ce, su garzaya shagon magani. A mafi yawan lokuta musabbabin yana cikin ruwan, ko abincin, ko kuma ƙwan da aka soma da shi. Ranar da mutuwar ta faru da irin salon da ta ɗauka su ne shaidun da ke kai mai bincike gare shi.

Halittar ɗan tarwada a kwanakin farko

A wuraren kiwo ba a jiran tarwada ta hayayyafa da kanta. Akan yi wa macen allurar sinadarin homon, irin su Ovaprim, a kan rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta. Bayan kamar awa 10 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a matse cikinta ƙwai ya zubo a busasshiyar roba. Namijin kuwa yanka shi ake yi a ciro marainansa, a tatsi maniyyin a gauraya da ƙwan, sannan a baza a kan raga cikin ruwa. Giram ɗaya na ɗauke da ƙwai kusan 600, don haka uwa mai kilo ɗaya na iya ba da ƙwai dubu 50 ko fiye.

Ƙyanƙyasa kan zo tsakanin awa 20 zuwa 36. Ɗan kifin na fitowa da jakar gwaiduwa a ƙarƙashin cikinsa, da ita yake rayuwa na kwana 3 zuwa 4 kafin ya fara neman abinci.

Akwai abu biyu game da jikinsa a wannan mataki da ke bayyana yawancin mace-macen. Na farko, babbar tarwada tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take iya rayuwa a taɓo ko a baho ba ruwa sosai. Jaririn bai da wannan gaɓa tukuna, sai bayan wasu makonni take kammala fitowa. Kafin nan ya dogara kacokan a kan iskar oksijin da ta narke a ruwa. Wanda ya saba da taurin ran babbar tarwada kan yi zaton 'ya'yanta ma haka suke, kuma wannan zato ya cinye jarin mutane da dama. Na biyu, tumbinsa bai gama haɗuwa ba a kwanakin farko na cin abinci, saboda haka ba kowane abinci yake iya narkarwa ba.

Tambayoyi uku kafin a taɓa komai

Tambaya ta farko ita ce kwana nawa da ƙyanƙyasa. Mutuwar da ta zo kafin kwana 3, lokacin da ba a fara ba da abinci ba, ba ta da alaƙa da abinci. Sai a duba ƙwai, iyaye da ruwa. Wadda ta soma daga kwana 4 zuwa 10 ta fi karkata ga abinci da dattin da yake haifarwa. Bayan mako biyu kuwa cututtuka da cin juna ne suka fi taka rawa.

Ta biyu ita ce salon mutuwar. Idan kusan duka sun mutu cikin 'yan awoyi, manya da ƙanana, to guba ce, ko yankewar oksijin, ko sauyin zafi na farat ɗaya. Cuta ba ta cika yin haka ba. Ita takan fara da kaɗan, adadin ya riƙa ƙaruwa kowace rana. Idan kuma ba a ganin gawa amma yawan kifin na raguwa, akwai mai cin su.

Ta uku ita ce inda mutuwar ta tsaya. Idan duk tankunan da ke shan ruwa daga tushe ɗaya sun kamu a lokaci guda, tushen ruwan ne abin zargi. Idan tanki ɗaya ne kawai, sai a duba abin da ya bambanta shi da sauran: cunkoso, toshewar bututu, kusanci da taga ko kayan aikin da aka tsoma a ciki. Idan 'ya'yan uwa ɗaya ne ke mutuwa a tankuna daban-daban, matsalar daga iyayen take.

Daga ƙwai zuwa kwana na uku

Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yakan zama garai-garai, launinsa tsakanin kore da ruwan ƙasa. Wanda bai haɗu ba ko ya mutu yakan koma fari cikin 'yan awoyi. Yawan fararen ƙwai na nuna ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan. Ko dai an matse uwar da wuri ƙwan bai nuna ba, ko an makara ya wuce lokacinsa. Ko kuma ruwa ya taɓa maniyyin kafin a gauraya, domin da zarar ya ji ruwa yakan motsa na ɗan gajeren lokaci, kamar minti ɗaya, daga nan ƙarfinsa ya ƙare. Wannan ne dalilin da ya sa ake tsarma shi da ruwan gishiri irin na asibiti, mai kashi 0.9 cikin 100, wanda ba ya tayar da shi.

Mataccen ƙwai ba ya tsayawa a asarar kansa. Yana ruɓewa, ya cinye oksijin, ya saki amoniya, sannan wata fumfuna mai suna Saprolegnia ta tsiro a kansa kamar auduga, ta bazu zuwa masu rai da ke kusa. Idan aka jibga ƙwai a kan juna maimakon a baza shi fale-fale, na ƙasa kan shaƙe. Ƙa'idar ita ce a ɗauke ragar da ɓawon ƙwai da zarar an gama ƙyanƙyasa, a zuƙe sauran fararen da siririn tiyo tun ba su fara wari ba.

Idan 'ya'yan suka fito da karkataccen baya ko kumburarriyar jakar gwaiduwa da yawa, sai a waiwayi iyayen. Amfani da ƙananan iyaye da ba su gama balaga ba, ko waɗanda ba a ciyar da su da kyau ba, ko haɗa namiji da mace 'yan uwa ɗaya zuriya bayan zuriya, duk suna haifar da raunanan 'ya'ya. Zafin da ya wuce kima lokacin kwancin ƙwai ma yana kawo naƙasa.

Kwana na huɗu zuwa na goma

Wannan ne zangon da masu sana'a suka fi kuka da shi. Gwaiduwa ta ƙare, kuma idan abinci bai iso a kan lokaci ba, ko ya fi ƙarfin bakin kifin, yunwa ce za ta kashe su ba tare da wata alama ba. Sukan rame, kai ya fi jiki girma, su mutu bayan 'yan kwanaki. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a ɗebi kaɗan a kofin gilashi bayan ciyarwa, a ɗaga sama a hasken rana. Jikinsu garai yake, ana ganin abin da ke cikinsu. Wanda ya ci atimiya cikinsa kan yi launin ruwan lemo, wanda bai ci ba kuma fayau.

Atimiya wata ƙaramar halitta ce ta ruwan gishiri, ana shigo da ƙwanta a gwangwani daga ƙasashen waje, ciki har da Amurka. Ana ƙyanƙyashe ta a ruwan gishiri cikin kusan awa 24, ko a sayi wadda aka ɓare wa ɓawo a ba da ita kai tsaye. Ɓawon da ba a tace ba yana iya toshe hanjin ɗan kifi. Ita kanta atimiyar ba ta wuce 'yan awoyi a ruwan daɗi, don haka abin da ba a cinye ba yakan mutu ya zama datti. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, abin da ke tura wasu ga dafaffiyar gwaiduwar ƙwan kaza ko niƙaƙƙen abincin manyan kifi. Dukansu suna ɓata ruwa da sauri. Ƙananan halittun ruwan daɗi irin su Moina, waɗanda ake iya renonsu a gida, sun fi su aminci.

Ɓacin ruwa a nan yana nufin amoniya. Kifi na fitar da ita ta gaɓoɓin numfashinsa na gefen kai, ragowar abinci ma na sakinta idan ya ruɓe. Amoniya iri biyu ce a ruwa, ɗaya mai sauƙin illa, ɗaya mai guba, kuma ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, wato pH, shi ke raba su. A zafin digiri 25, idan pH na kan 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 takan haura kashi 5, a kan 9 kuma ta wuce kashi 35. Ke nan adadin amoniyar da bai yi komai ba a wani gida yana iya ƙarar da kifi a gidan maƙwabci, saboda ruwansu ba ɗaya ba ne. Sabon tankin siminti da ba a jiƙa an wanke shi na tsawon makonni ba yana ɗaga pH sosai, shi ya sa ƙyanƙyasar farko a sabon gini kan zo da asara.

Wasu bakteriya masu amfani na mayar da amoniya zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Naitirait ita ma guba ce, tana hana jini ɗaukar oksijin, har kifi ya riƙa haki a ruwan da ke cike da iska. A wurin da ake tace ruwa ana maimaita amfani da shi, waɗannan bakteriya kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon matacin. Wannan ne ke kashe kifin ado a sabon akwatin gilashi na cikin falo, kuma shi ne ke faruwa a sabon ɗakin ƙyanƙyasa da aka cika da kifi tun ranar farko.

Tushen ruwa, zafi da wutar lantarki

Ruwan famfo na hukuma yana ɗauke da kilorin, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙone gaɓoɓin numfashin jariran kifi. Ana barinsa a buɗaɗɗen tanki na kwana ɗaya zuwa biyu ana kaɗa masa iska, ko a sa masa sinadarin cire kilorin.

Ruwan rijiyar burtsatse, wanda yawancin masu sana'a a Arewa ke amfani da shi, yana da tasa matsalar duk da tsabtarsa a ido. Yakan fito daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarancin oksijin da yawan iskar kabon, wani lokacin da tsami ko sinadarin ƙarfe. Alamar ƙarfe ita ce jan tsatsa da ke kwantawa bayan ruwan ya sha iska. Haka kuma ruwan da ya fito da matsi, ko wanda famfo mai yoyon iska ya turo, na iya ɗauke da iskar da ta wuce kima, ta zama ƙananan kumfa a cikin jikin ɗan kifi, ya riƙa yawo a sama ya kasa nutsewa. Maganin duka ɗaya ne: kada ruwa ya tafi kai tsaye daga rijiya zuwa kan kifi. A tara shi a tankin ajiya, a bar shi ya fantsama ya sha iska tukuna.

'Ya'yan tarwada sun fi walwala a zafin digiri 27 zuwa 30. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sanyin dare a Kano, Zariya ko Jos yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ƙaramin tankin roba ba ya riƙe ɗumi. Ƙyanƙyasa kan yi jinkiri, kifi ya daina ci, fumfuna ta samu dama. A bazara kuwa, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40, baƙin tankin da ke kan rufi yakan dafa ruwa da rana. Buɗe irin wannan ruwa a kan kifin da ke cikin sanyin ɗaki na iya kashe su nan take. Ruwan zafi kuma ba ya riƙe oksijin da yawa: lita ɗaya na ɗaukar kusan miligiram 9 a digiri 20, amma kimanin 7.5 a digiri 30, a daidai lokacin da buƙatar kifin ke ƙaruwa. Abin da ake so shi ne kada ya yi ƙasa da miligiram 5.

Alamar ƙarancin oksijin ita ce taruwar kifi a bakin bututun shigar ruwa ko a saman tanki. Sau da yawa dalilin bai wuce ɗaukewar wuta da tsakar dare ba, famfo ya tsaya, tankin ajiya ya ƙare kowa na barci. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki babu lantarki bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Ɗakin ƙyanƙyasar da ba shi da janareta, sola ko babban tanki a sama mai zubo da ruwa da kansa, ba ya jure irin wannan ko na dare ɗaya.

Gubar da ke shigowa da hannun mai gida

Maganin sauro na feshi da na hayaƙi, da magungunan ƙwari irin su fiya-fiya, suna kashe kifi ko da ɗan abin da ya sauka a saman ruwa ne. Haka sabulu ko man shafawa a hannu, bokitin da aka yi wanki da shi, jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshin gona, sabon fenti, da bututun ƙarfe mai rufin tutiya ko na jan ƙarfe. Duk mutuwar da ta zo kwatsam tana buƙatar a tambayi duk wanda ya shiga ɗakin cikin awa 24 da suka wuce abin da ya yi da abin da ya shigo da shi.

Cututtuka da masu cin kifi

Cuta ta gaskiya tana da alamu. Ƙananan halittu masu manne wa fata, irin su Trichodina da Ichthyobodo, kan sa kifi ya riƙa goga jikinsa a bango, fatarsa ta yi toka-toka da yauƙi, ko ya tsaya a tsaye kai sama a saman ruwa. Ba a ganinsu sai da madubin bincike. Bakteriya irin su Aeromonas hydrophila kan kawo kumburin ciki da jajayen tabo, ita kuwa Flavobacterium columnare takan cinye gashin baki da fikafikai su yi fari. Waɗannan ƙwayoyin suna nan a yawancin ruwa, kuma ba su cika yin galaba ba sai kifi ya riga ya jigata da datti, cunkoso ko sanyi. Maganin da aka zuba ba tare da an gyara ruwan ba ɗan jinkiri kawai yake sayowa.

Tarwada na cin 'yan uwanta. Cikin kowace ƙyanƙyasa akwai 'yan kaɗan da ke zarce sauran girma, kuma daga mako na biyu sukan fara haɗiye ƙanana. Rarrabe su bisa girma a kai a kai, ciyarwa sau da yawa dare da rana, da rage hasken ɗaki, suna rage wannan. A tafkin waje kuwa kwaɗi, tsutsar mazari da tsuntsaye su ne ɓarayin.

Abin yi idan mutuwa ta fara

Mataki na farko shi ne a dakatar da abinci. A ɗebi ruwan tankin a kwalba mai tsabta kafin a sauya shi, domin shi ne babbar shaida, kuma da zarar an zubar ta tafi. A auna zafi, pH, amoniya da naitirait. A kwashe gawarwaki, a ƙirga su, a zuƙe dattin ƙasa. Daga nan a sauya wani kaso na ruwan a hankali da wanda ya sha iska kuma zafinsa ya yi daidai da na tankin, a ƙara iska, a rage cunkoso. Kowane tanki ya kasance da tiyonsa da ragarsa.

Zuba magungunan antibayotik irin su oksitetirasaikilin a ruwa ba tare da gwaji ba ya zama al'ada a sana'ar. Ba sa yin komai ga amoniya, sanyi ko yunwa, suna kashe bakteriya masu amfani da ke cikin mataci, kuma suna taimaka wa ƙwayoyin cuta su koyi bijire wa magani, matsalar da ke komawa kan lafiyar mutane. Gishiri, fomalin da makamantansu suna da amfani a wurinsu, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa ƙarama ce ga jarirai, don haka awonsu aikin likitan dabbobi ne ko masanin kifi.

Idan ruwa ya fito lafiya kuma mutuwar ta ci gaba, sai a nemi gwaji. Gawar ɗan kifi na narkewa cikin awoyi kaɗan, ƙwayoyin da ke fatarsa kuma su watse, saboda haka masu rai da ke nuna alamar ciwo ake kaiwa, a cikin ruwansu. Akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a New Bussa ta Jihar Neja, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom ta Jihar Filato. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri suna da tsangayoyin likitancin dabbobi, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da sashen nazarin kifi.

Littafin rubutu da tambayar da ta rage ga hukuma

Duk wannan bincike ya dogara ne a kan rubutu. Littafin da ke ɗauke da ranar allura, nauyin uwa da inda aka samo ta, lokacin matsa, zafin ruwa safe da yamma, abin da aka ciyar da adadin da ya mutu kowace rana, shi ke nuna ko asarar na maimaita kanta a rana ɗaya ko a yanayi ɗaya. Wanda ba ya rubutawa yakan sake sayen uwa, allura da atimiya, ya sake yin abin da ya kashe na baya.

A nan ne lamarin ya shafi masu tsara manufofi. A shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arziƙin Ruwa, kuma harkar kifi na cikin abin da ta sa a gaba. Nasarar kowane shirin tallafi ba ta tabbata a ranar rabon tanki da 'ya'yan kifi a gaban kyamara, sai an ga adadin da ya rayu bayan wata ɗaya. Masu bibiyar irin waɗannan shirye-shirye na da damar tambayar ko an haɗa wa matasan da ma'aunin zafi da kayan gwajin ruwa, ko an gwada ruwan unguwarsu kafin a fara, da kuma sunan malamin gonar da zai amsa kira idan kifi ya soma mutuwa da asuba.